Ranar da teburin kafenmu ya bar tsohuwar unguwa

Daga Maraɗi muke. Mu 27 ne a ƙungiyarmu, muna zama kowace Alhamis bayan la'asar, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, irin tsarin nan na Mata Masu Dubara da aka faro a jiharmu tun 1991. Ban da zubi da rance, muna da wata ƴar sana'a ta haɗin gwiwa, wato teburin kafe da shayi da burodi. A watan Nuwamba na 2024 dole ta sa muka tashe shi daga inda ya shekara huɗu, muka kai shi wani wuri. Mata da yawa sun tambaye mu yadda muka yi, wasu a wajen biki, wasu ta saƙon murya a WhatsApp, shi ya sa muka ce bari mu rubuta sau ɗaya kowa ta ji.

Mun san abin da wasu za su fara cewa: mata da teburin shayi? Ai sana'ar maza ce. Mu ma ba mu muka je nemanta ba. Mijin ɗaya daga cikinmu ne mai shayi, Allah ya yi mashi rasuwa ya bar ta da yara biyar, da tebur, da benci biyu, da manyan butoci. Dangi suka ce a sayar a raba. Ƙungiya ta saye kayan, kuɗin ya shiga gado kamar yadda ya kamata, sannan muka ce mata ta riƙe teburin tunda ta san hannun mijinta. Yaya muke ce mata dukanmu. Ita ke tsayawa da safe, mata biyu na kama mata bi da bi, babban ɗanta kuma ya karɓi dare. Riba kashi uku ake yi: ɗaya na Yaya da ɗanta, ɗaya na masu kamawa, ɗaya na akwati. Ga ƴan uwanmu na Najeriya da takardar nan ke faɗawa hannunsu, abin da kuke ce ma kofi shi muke kira kafe. Mu a nan kofi shi ne abin da ake zubawa a ciki.

Ƙarshen damina mai gidan da muke jingine da bangonshi ya aiko cewa ya sayar da gidan, sabon mai shi zai fasa bangon ya fitar da shaguna. Ya ba mu wata biyu. Ba mu yi rigima ba, gidanshi ne. Amma ranar da labarin ya zo zaman Alhamis, Yaya ba ta ce uffan ba har aka rufe akwati. Kuɗin lakwal na yaranta uku daga teburin nan yake fitowa, haka hatsin gidan. Mu kuma kason akwati shi ke sa rabonmu na shekara ya ɗan fi na maƙwabtan ƙungiyoyi kauri.

Tebur da benci da butoci, amalanke ɗaya ya ishe su. Masu sha ne ba su hawa amalanke. Mai shan kafe da safe ba ya canza hanya saboda kafe. Inda ƙafarshi ta saba bi daga masallaci zuwa wajen aiki, nan yake tsayawa. In ka matsa da taku 300 ka shiga wani lungu, to kamar ka bar garin ne. Don haka maganar wuri ita ta fi cin mana lokaci, sati uku cur muna kanta.

Wurare uku suka fito. Na farko kusa da tasha: jama'a kamar ƙasa, amma haya jika 20 a wata, ga masu shayi uku da suka riga mu, ga shi cinikin can na tsakar dare ne, mazajenmu biyu suka ce ba da matansu ba. Na biyu ƙofar gidan ma'ajiyarmu, kyauta, babu ko dala. Na uku wata kusurwa a gefen gari inda ake ta sababbin gine-gine, bakin hanyar jar ƙasa, tsakanin wani masallaci da lakwal, da ƙaramin gidan likita a gaba kaɗan. Haya jika 7 da rabi.

Da yawa cikinmu zuciya ta tafi ga na kyauta. Sakatariyarmu ce ta ce kafin a ɗaga hannu a je a ƙirga ƙafa. Muka raba kanmu biyu-biyu, kowace ta ɗauki ƙwarya biyu da tiyar wake. Daga an sallame sallar asuba zuwa ƙarfe 9, duk wanda ya wuce a ƙasa a jefa ƙwaya ɗaya a ƙwaryar dama, mai babur ko keke a ta hagu. Yara ƴan lakwal ba a sa su, don ba su ke saye ba. Mun yi haka kwana uku a kowane wuri, kuma muka tabbatar an haɗa da ranar kasuwa da wadda ba ta kasuwa ba, tunda kun san Litinin da Juma'a garin Maraɗi wani gari ne daban. Mutane sun yi ta kallonmu, wani dattijo har ya tsaya ya tambaya ko waken na sayarwa ne. A ƙofar ma'ajiya ba a taɓa kai 50 ba, kuma yawancinsu ƴan lungun ne da suka riga suka karya a gida. A kusurwar can an haura 200 kowace safiya, fiye da rabi a ƙasa suke: magina, leburori, malaman lakwal, masu gadi da suka tashi daga aikin dare. Da aka juye ƙoren a tsakar tabarma ranar Alhamis, ita ma'ajiyar da kanta ta ce a bar maganar ƙofarta.

Sai batun kuɗi, nan ne aka ɗan ɗaga murya. Lissafi ya nuna jika 85. Mai filin ya ce sai hayar wata uku a hannu, jika 22 da rabi ke nan. Kwano da katako da ƙusa sun ci 34, kafinta 10, jar ƙasar da za a ɗaga daɓe 4 da rabi. Sauran 14 sun tafi a takardu da kai-kawo, da amalanke, da sabon kayan ciniki. Wasu suka ce ai teburin namu ne, a ɗebo daga akwati kawai a yi aiki. Hajiya, wadda ta fi kowa daɗewa a harkar asusu, ta ƙi. Ta ce: "Ɗiyana, akwati bai san namu ba. Wanda duk ya ɗauka, sunanshi mai bashi, ko da tebur ne." Ta tuna mana cewa azumi zai kama a farkon Maris, kuma mun saba raba kuɗi sati ɗaya kafin shi, mata na jiran rabon nan don sukari da gero da ɗinkin salla na yara. In jika 85 suka maƙale a rumfa, wa zai kalli idon wadda zubinta dala 50 ne a sati, ta kuma jure shekara guda?

Aka tsaya a kan cewa tebur zai ci bashi kamar kowace mace, a rubuta shi a littafi, da ɗan ƙarin da kowa ke biya. Sassauci ɗaya aka yi mashi: maimakon sati huɗu, zai biya kashi uku cikin wata uku, na ƙarshe a farkon Fabrairu. Kuma har a gama biya, kason akwati da na masu kamawa duk su tafi bashi. Kason Yaya kaɗai aka ce kar a taɓa. Mata shida da ke kamawa suka yarda su yi wata uku suna tashi tun kiran farko ba tare da ko tamma ba. Ba dukansu ne suka yarda da fara'a ba, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Da mai filin mun yi takarda a gaban mai unguwa da shaidu biyu, aka karanta da ƙarfi kowa ya ji kafin a dangwala. Abu uku muka nace a sa: kuɗin haya ba ya tashi sai shekara ta zagayo, in zai tashe mu ya faɗa da wata uku, kuma kwano da katako namu ne, ranar tashi da su za mu tafi. Ya ɗan yi dariya, ya ce shi bai taɓa yin takarda a kan rumfa ba. Shugabarmu ta ce mashi: "Alhaji, ba don kai ba ne, don magada ne, naka da namu." Ya sa hannu. Daga nan muka je gidan magajin gari muka sanar, aka nuna mana iyakar da ba za mu wuce ba ta gefen hanya. Wadda duk za ta kafa rumfa a bakin titi, muna ba ta shawara ta yi wannan tafiyar tun ba ta sayi ƙusa ba. Ƴan Yamai ba su manta yadda aka kwashe rumfuna da kiyos na bakin manyan hanyoyi a 2016 ba.

Ranar gini kafinta ya auna zai fuskantar da rumfar gabas, don nan ne babbar hanya take, mai wucewa ya hango tebur daga nesa. Inna, tsohuwarmu da ko karatun yaƙi da jahilci ba ta yi ba, ta dogara sanda ta zo ta ce a tsaya. Ta tambaye shi daga ina hadari ke tasowa a ƙasar nan. Ya ce gabas. Iskar hunturu fa? Ya ce gabas maso arewa. Rana in ta fito, idon wa take fara duka? Sai ya yi shiru. Ta ce cinikinmu na safe ne kuma na sanyi, in baki ya kalli gabas, ƙura za ta sauka cikin madara, wutar gaz ta yi ta kaɗawa tana cin kuɗi, mai sha kuma rana na cikin idonshi. Aka juya bakin rumfar yamma, ga ƙaramar hanyar da ta fito daga masallaci, aka rufe gabas da arewa da kwano har ƙasa, kudu aka sa zana don iska ta ratsa lokacin zafi. Don masu bin babbar hanya, ɗan Yaya ya rubuta KAFE DA SHAYI da farin fenti a bayan kwanon. Cikin Disamba, ranar da ƙura ta rufe gari har ba a ganin hasumiyar masallaci, masu sha sun cunkushe a bencinmu kamar kaji a akurki, don nan ne kaɗai iska ba ta dukan mutum.

Kafin mu kunna wuta mun kai gaisuwa. Akwai mai ƙosai da ta shekara tara a kusurwar, akwai kuma wani mai shayi kamar taku 200 daga wurin. Baƙo ba ya shiga unguwa da buta a hannu bai yi sallama ba. Mun je ma mai ƙosai da goro da sabulu. Da farko fuskarta a ɗaure, ta zaci kasko za mu kafa. Muka ce mata ba za mu soya ƙosai ko fanke ba, wanda ya so ya sayo nata ya zauna a bencinmu ya ci. Yau ita ke ajiye mana makullin akwatin kaya, kuma tana cewa kwanon wakenta ya ƙaru.

Na mai shayin ya fi wuya. Mutum ne mai iyali, yana fitowa bayan la'asar ya kai tsakar dare. Ya faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye: safe bai dame shi ba, amma in muka buɗe da dare, cinikin unguwar ba zai ciyar da tebur biyu ba. Mun koma mun yi shawara. Doka ba ta hana mu ba. Sai dai mu ne baƙi, kuma rumfar da babu kowa cikinta daga azahar zuwa asuba tana buƙatar idon maƙwabci. Muka bar mashi dare. Wannan ya faɗa a kan ɗan Yaya, don daren shi ne nashi, da shi yake sayen littattafai da man babur ɗin aro. Yaron ya yi kwana biyu ba ya magana da kowa. Abin da ya fitar da mu shi ne manyan falas biyu da wata cikinmu ta kawo daga kayan ɗakinta. Yanzu ƙarfe 10, in cinikin benci ya lafa, sai ya cika su, ɗaya kafe da madara, ɗaya shayi, ya bi gine-ginen nan da wajen tsayawar ƴan kabu-kabu. Abin da yake samu bai kai na dare ba tukuna, amma yana kwana a gida, uwarshi kuma ta ce wannan ma riba ce.

Akwai littafin bashi. Ranar da za mu tashi, mutum 19 na tsohuwar unguwa muke bi jika 31. Wasu cikinmu suka ce a bi su gida-gida kafin amalanke ya ɗaga. Yaya ta ce a'a, ta san mutanenta. Sati biyu kafin tashi ta riƙa gaya ma kowa inda za mu koma, ta kwatanta mashi hanya, ba ta ambaci bashi ba. Mutum bakwai suka biya da kansu. Sauran sai muka lura sun daina biyowa ta gaban tebur tun ba mu tashi ba. A ganinmu ba mugunta ba ce ga yawancinsu, kunya ce, kuma mai jin kunyar bashi kan rasa ma mai tebur abu biyu, kuɗin da kuma cinikin gobe. Aka aika masu yaro da saƙo ɗaya: tsohon lissafi yana nan a shafinshi ba mai tayar da shi a gaban mutane, ku zo ku sha da kuɗin hannu, in an samu a rage. Biyar sun zo. Zuwa yau jika 19 suka dawo, 12 na waje, kuma akwai mutum uku da muka san ba za mu sake ganinsu ba. A sabon wuri bashi ba ya wuce dala 100 ga mutum ɗaya, sai malaman lakwal da ke biya ƙarshen wata, su ma sai da shugaban lakwal ɗin ya san da maganar.

Satin farko ya ba mu tsoro. Ranar buɗewa an yi addu'a, aka raba kafe sadaka, wuri ya cika. Washegari kofi 14 aka sayar, mu da muka saba da 60. Burodi ya kwana. Yaron gidan burodi da ke kawo mana a babur ya ce sabon wurin ba ya kan hanyarshi, sai ya gama zagaye yake isowa, wajen ƙarfe 8, lokacin magina sun riga sun hau bango. Muka daidaita da wani ɗan kabu-kabu da ke sallar asuba kusa da gidan burodin, yana ɗauko mana, ladanshi kofi ɗaya da rabin burodi da ƙwai. Ruwa ma ya zo da nashi. Famfo na da nisa, ƴan ga-ruwa na ƙara dala biyar a kan kowace jarka, kuma wani lokaci ruwan rijiya suke kawowa, wanda ke sa shayi ya yi duhu ya canza ɗanɗano. Wani tsohon mai gadi da ya biyo mu daga tsohuwar unguwa a kan kekenshi shi ya fara faɗa. Ya kurɓa ya ajiye, ya ce: "Yaya, hannun naki ne, amma ruwan ba naki ba ne." Tun ranar, na sha daban, daga famfon gidan wata ƴar ƙungiya muke ɗaukowa muna biyan ta a wata, na ga-ruwa kuma wanke-wanke.

A cikin satin nan ne aka kawo shawarar a rage kuɗin kofi don jawo mutane, ko a rage cokali. Duk biyun mun ƙi. Kafe ba a noma shi a Nijar, gwangwanin Nescafé daga Abijan yake zuwa, madara da sukari su ma na waje ne. Tun da aka rufe iyakoki bayan Yuli 2023 kayan nan suka tashi, kuma ko da aka buɗe ta Najeriya a 2024, ba mu ga sun koma inda suke ba. Kofin baƙin kafe dala 20, mai madara dala 40, abin da ke saura a kai ɗan kaɗan ne. In an rage kuɗi, aikin banza ake. In an rage cokali, mai sha ya sani tun kurɓar farko, kuma sabon wuri ba inda ake gwada mutane da salamin kafe ba ne. Abin da muka ƙara shi ne kafe mai kimba da kanumfari, irin wanda ƴan Senegal ke kira Café Touba. Wani magini da ya yi zama can ya roƙa, Yaya ta gwada, yanzu buta guda ake yi mashi kullum.

Wani ciniki ya zo da ba mu sa shi a lissafin wake ba. Matan da ke kai yara awo da rigakafi gidan likita suna fitowa tun da duhu don kama layi, da yawa ba su karya ba. Ba za su zauna benci ɗaya da maza ba, sai su tsaya daga nesa suna leƙe. Muka shimfiɗa tabarma biyu a bayan zanar kudu, muka buɗe ƴar kafa ta miƙa kofi. Ranar awo tabarmar nan ba ta zama wofi. Yawanci shayi da madara suke sha da gutsuren burodi na dala 10. A tsohon wuri shekara huɗu ba mu taɓa sayar ma mace kofi ta zauna ta sha ba. Biyu daga cikinsu har sun tambayi yadda ake shiga asusu.

Da sanyi ya kankama ciniki ya hau: 35, 50, ranar Litinin ɗin tsakiyar Janairu har 80 da na falas. Kashin farko na bashi ya zo da ƙyar, sai da aka haɗa da kuɗin tsofaffin basussukan da suka dawo. Na biyu ya zo daidai. Na uku an ajiye shi a kan tabarma ranar Alhamis ɗin farko ta Fabrairu, Hajiya ta ƙirga sau biyu ta sa aka ja layi a littafi. An yi rabo kafin azumi, kowa ta karɓi nata cif. Cikin azumi tebur ya rufe da safe kamar kowace shekara, kuma tunda dare na maƙwabcinmu ne, wata guda ba abin da ya shigo sai ɗan abin falas na bayan tarawi, haya kuwa ba ta san azumi ba. Daga ajiyar Janairu aka biya ta.

Yanzu zafi ne, ciniki ya sauka wajen kofi 30, masu kamawa sun koma karɓar kasonsu. Rumfar ba ta ga damina ba tukuna. Mai ƙosai ta ce in an yi ruwa mai yawa, hanyar jar ƙasar nan kan zama gulbi har gwiwa, kuma yawancin maginan nan ƴan ƙauye ne, ruwa na sauka za su koma gona. Alhamis mai zuwa magana biyu ke gabanmu: ƙara amalanke uku na jar ƙasa a bakin rumfa kafin hadarin farko, da kuma ko za mu fara soya ƙwan zabi, tunda lokacinshi ya kusa kuma ya fi na kaji araha.